Kwanon Surukata a Ƙofar Mangaza

Shekara uku na yi ina sa hannu a cikin kayan mata a ƙofar wata mangazar aya a Gazawa. Aikina ke nan. Idan la'asar ta yi sanyi aka tashi, sai mata su yi layi, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa. Kowace ta miƙo kwanonta in buɗe, ta warware gammo in karkaɗe, ta ɗaga hannuwa in shafa ƙugunta. Mai lalube suka sa mini suna. Da farko nakan yi faɗa idan na ji, har in ɗora da baƙar magana, don bakina ba ya raga wa kowa. Daga baya na riƙa amsawa.

Mangazar babban rumbu ce ta kwano a bakin gari, inda wani attajiri yake tara ayar da yake saye a ƙauyuka. Aya tana zuwa da ƙasa da tsakuwa, don daga cikin ƙasa ake tono ta. Mu mata muke tankaɗe ta da rariya, mu sheƙe, mu zauna mu tsince duwatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan maza su ɗinke buhuna su loda a mota. Attajirin ba mu cika ganinsa ba. Wanda muke gani kullum shi ne magazaniye, mutumin da ke riƙe da makullai, dogo mai yawan tsaki. Yana yawo da wani tsinken ƙarfe da ake soka wa buhu a zaro aya a duba, kuma da shi yake nuna mutum idan zai yi magana.

Shi ya ɗora ni a ƙofa. Wata rana aka ce aya tana raguwa, attajiri ya ce a riƙa bincikar mata kafin su fita. Gardi, wato mai gadin ƙofa, namiji ne, ba zai taɓa matan mutane ba, sai a samu mace. Magazaniye ya dubi layinmu ya ga kowa da kowa dangi ne, wannan 'yar ƙanwar waccan, waccan kakarsu ɗaya da ta bayanta. Sai ya nuno ni da tsinkensa.

"Ke Bagobira, ke ba ki da kowa nan. Ke za ki yi."

Gaskiyarsa ta wani wajen. Ni 'yar Cadakori ce, aure ya kawo ni, ba ni da uwa ko ƙanwa a garin. Abin da bai lissafa ba shi ne uwar mijina tana cikin layin nan, ita ce ma ta kawo ni aikin. Shi a wurinsa suruka ba dangi ba ce. Bai san ta fi dangi nauyi ba.

Mijina ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ya tafi arewa neman zinariya tun ƙaramarmu tana nono, sai wata ya zagayo yake samun inda salula ke kamawa ya kira. Ni da 'ya'yana uku muna gidanta. Shekara goma sha ɗaya ina gidan, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ambatar sunanta ba, ko wata mai irin sunan sai dai in ce mai sunan Inna. Ita kuma ɗiyar mutane take ce mini. Ban taɓa wuce dokin ƙofar ɗakinta ba. Ita ke sharar ɗakinta, ita ke wankinta, kuma a bayan ɗaki take shanya, cikin wani ɗan shinge na zana da ta kewaye. Na sha kai hannu in ɗauki kayanta in wanke, ta ce in bari. Abin yana ci mini rai. Na ɗauka wankina ne bai yi mata ba.

Ita ce mai wankan gawa ta unguwarmu. Duk macen da ta rasu, Inna ake aikowa a kira, ta tafi da wata tsohuwa abokiyar aikinta mai zuba mata ruwa. Rabin matan da ke layin mangaza ita ta wanke musu uwaye. Ba a taɓa jin ta fito daga ɗakin gawa ta ce ga abin da ta gani ba, ko da wasa. Saboda haka ake ganin girmanta, har maza sukan rage murya idan za ta wuce. A mangaza tana zama can gefe a kan buhunta ita kaɗai, zane biyu a ɗaure ko ana zafi, ga turare kamar mai zuwa biki. Idan azahar ta yi takan ɗauki buta da kwano ta zagaya bayan katanga, ta daɗe fiye da kowa. Mata suna tsokanarta wai Inna sai ta gama yi wa dukan Gazawa addu'a take dawowa. Ni a raina nakan ce girman kai ne, tsohuwa da turare a cikin ƙasar aya.

Kwano biyu take zuwa da su. Ɗaya na fura. Ɗayan samira ne mai murfi, a ɗaure cikin ɗankwali, kullum a kusa da ƙafarta.

Sata kam ana yi, ba zan ɓoye ba. Na ciro aya a lifin ɗan tofi, na ciro a cikin gorar fura, na ciro a tsakanin goyo da bayan uwarsa. Yawanci cikin tafin hannu ce, ta yara su tauna a gida. Amma abin da na fi samu ba aya ba ne. Na taɓa ƙwayoyin tazarar haihuwa ɗinke a bakin zane, na macen da mijinta ya rantse ba za a sha su a gidansa ba. Na ga katin likita na wata da ke karɓar magani a Agiye don kada a gan ta a nan, kuma na yi lakol, makarantar boko, na karanta abin da ke jiki kafin in ankara. Na ga salular da miji bai san da ita ba. Akwai wata da kullum kwanon abincinta a rufe yake, a ɗaure tsaf, idan na buɗe sai in tarar ko alamar miya babu, bai ga abinci ba tun safe. Tana kawo shi ne don kada a gane ba ta da abin kawowa. Kullum in buɗe, in rufe, in ce ta wuce.

A watannin farko ina komawa gida abin yana damuna. Sai abin ya bar ni. Hannuna ya koyi aikin, ya riƙa yi ba da ni ba. Ina shafa ƙugun mace ina tunanin ko kuka ta rage a gida. Mata suka daina wasa da ni, idan na zo wurin rijiya sai hira ta canza, wannan ma ya daina damuna. Ban faɗa wa kowa sirrin kowa ba, amma sun san na sani, kuma wannan kaɗai ya isa.

Maza masu lodi ba a taɓa laluben ko ɗaya ba. Su buhu suke ɗauka, mu tafin hannu. Na taɓa faɗa wa magazaniye haka, na ce idan aya tana raguwa ya leƙa bayan mota. Ya yi tsaki ya ce in tsaya inda aka ajiye ni.

Inna kuwa ban taɓa lalubenta ba. Ta yaya zan fara? Idan layi ya kawo kanta sai in sunkuyar da kai, in ɗan rusuna, in wuce da hannu ta saman kwanonta ba tare da na taɓa ba, ita kuma ta wuce ba ta dube ni ba. Kowa yana gani, kuma ba wadda ta ce uffan, don kowace tana da suruka. Shekara biyu muna haka.

Ranar da abin ya faru, ranar aiki ce kamar kowace. Na shafa ƙugun wata matashiya mai goyo na ji tauri. Ta ɗinka wata 'yar jaka a cikin zane, ayar ciki ta kusa rabin tiya. Da ƙarama ce da na kauda kai, na sha yi. Wannan kuwa tana zuba na ciro ta, a idon magazaniye. Ya ce kada ta sake dawowa. Yarinyar ta tsaya, goyonta yana kuka, sai ta juyo ta nuna ni.

"To ita hwa? Shekara biyu surukarta na hita da kwano biyu, wa ya taɓa ganin an buɗe? Mu ne ɓarayi, su gidansu waliyyai?"

Magazaniye ya dubi Inna, ya dubi kwanon da ke kanta, ya dube ni. Na ga ransa ya ɓaci, ba don aya ba, don an nuna shekara biyu ana yi masa wasa da hankali. Ya sa gardi ya shimfiɗa buhuna a ƙasa a bakin ƙofa. Ya ce yau kowa za ta juye kayanta a nan, a gabansa, kuma da tsohuwa za a fara.

Na ce masa uwar mijina ce, ba a yin haka. Na ce ya kira wata ta buɗe. Ya ce ni aka ɗauka aikin, idan ba zan iya ba in ajiye, mu tafi gida mu biyu, ga mata nan a waje suna jiran gurbi. Damina ba ta yi mana kyau ba a shekarar, geron rumbu bai kai mu ko'ina ba, wannan aikin shi ke ɗora tukunya a gidan. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi na riƙa faɗa wa kaina daga baya. Amma akwai wani abin da ban cika faɗa ba. Ina son in ga abin da ke cikin kwanon nan. Shekara goma sha ɗaya ana hana ni taɓa ko ɗankwali, wani ɓangare na zuciyata ya ce yau dai za a buɗe.

Inna ta sauke kwanukan da kanta. Na durƙusa a gabanta. Na buɗe na fura, ba komai sai ludayi. Na kai hannu ga ƙullin ɗankwali, sai ta sunkuyo, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗiyar mutane, bar wanga."

Tun da na shigo gidanta ba ta taɓa roƙona komai ba. Ko ruwa ba ta cewa in miƙo, sai dai in gani in kawo. Na ji maganar sarai. Hannuna bai tsaya ba. Ya kwance ƙullin kamar yadda yake kwance na kowa, ya ɗaga murfin.

Baƙar leda ce a ciki, an ƙulle bakinta. Magazaniye ya ce in kwance in zazzage. Na zazzage.

Tsummoki ne, yagaggun tsofaffin zannuwa da aka nannaɗe. Wasu busassu, a ninke tsaf. Wasu jiƙaƙƙu. Warin fitsari ya tashi, ya rinjayi turaren. Magazaniye bai gane nan da nan ba, ya sa tsinkensa ya ɗaga ɗaya sama yana dubawa ko aya tana ciki. Mata kuwa sun gane. Wata yarinya ta fara dariya, aka zungure ta ta haɗiye.

Fitsari ne yake zubo mata. Daga baya na ji tun haihuwarta ta ƙarshe abin ya same ta, shekara ashirin da wani abu. Zane biyun, da turaren, da zaman gefe, da daɗewa a bayan katanga, da shingen shanya, duk wannan ne. Ko 'yarta da ke aure a Gangara ba ta sani ba.

Magazaniye ya saki tsumman ya faɗi. Ya ce, "To, a wuce, a wuce," yana duban wani wajen. Bai binciki sauran ba ranar.

Inna ba ta yi sauri ba. Ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya faɗi a ƙasa ta karkaɗe, ta mayar a leda, ta ƙulle, ta rufe kwano, ta ɗaure ɗankwali, ta ɗora a ka. Na kai hannu zan taya ta, ta janye kwanon kaɗan. Ta wuce gaba, ina binta a baya da 'yar tazara, kamar yadda muka saba komawa kullum.

Na so in ce na yi kuka a hanya. Ban yi ba. Ban ji komai ba. Na lura dai takalmina ya tsinke, na tsaya na gyara. Da muka isa gida na hura wuta na ɗora tuwo.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Ba mugunta aka yi ba, tausayi ne, ana cewa Allah sarki, ashe haka baiwar Allah take fama. Tausayin ya fi zagi yawo. Washegari ba ta fito aiki ba, ba ta sake zuwa ba kuma. Ni na je. Na tsaya a ƙofa da la'asar, mata suka miƙo kwanuka, na buɗe.

Bayan kwana uku na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, ki gahwarce ni." Tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Sai ta ce, "Tukunyarki na ƙonewa." Na tashi na je na duba. Da gaske tana ƙonewa.

Na sake gwadawa wani lokaci, na ce an ce ana gyara irin wannan a gidan likita, in raka ta Agiye mu tambaya. Ta ce, "Mi ya rage a gani?" Ban ƙara ba.

Wajen mako biyu da abin, wata tsohuwa ta rasu a bayan gidanmu, da hantsi. Ranar ba aiki, ina gida. Muna jin kukan farko Inna ta tashi ta yi alwala, ta sa mayafinta, ta haɗa sabulu da turare a ƙaramar ƙwarya, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana fuskantar zaure. Haka take yi kullum, don kada ɗan aike ya zo ya jira. Rana ta ɗaga. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito ta sake alwala ta zauna. Har muka ji maza sun ɗauko makara sun wuce ta ƙofar gida. Wata aka ɗauko daga wata unguwa ta yi wankan. Inna ta cire mayafin ta ninke, ta mayar da ƙwaryar ɗaki. Ni ina tsakar gida ina surfe, ban daina ba, don ban san abin da zan yi da hannuna ba idan na daina.

Malamin unguwa ya ce lalura ce, ba ta hana mutum komai, mai ita yana da uzuri a wurin Allah. Kowa ya ce haka ne. Ba a sake aiko mata ba.

Na je wurin magazaniye na ce idan dole sai an yi laluben nan, a kafa zana a gefen ƙofa, mace ta shiga ita kaɗai, kuma shi ya tsaya nesa. Na zaci zai yi tsaki. Bai yi ba, washegari aka kafa. Abin da ya ci shi ne zana biyu da itace huɗu. Na tsaya ina dubansa a ranar farko, ina neman in ji haushi, haushin ma bai zo ba. Wata rana kuma ina tankaɗe rediyon gardi yana magana, wani mutum yana cewa mai aiki ba bawa ba ne, jakarsa tasa ce, ubangida ba shi da ikon zazzage ta a bainar jama'a yadda ya ga dama. Matan da ke kusa suka ɗago suka dube ni. Na ci gaba da tankaɗe.

Mijina ya kira a watan. Ban san wa ya faɗa masa ba. Na ji a muryarsa ya sani, amma lafiyar yara kawai ya tambaya.

Inna ta daina fita ko'ina, ba suna ba biki. Ta daina sa turare. Tana cin tuwon da na kai bakin ƙofa, tana wasa da jikokinta, tana amsa gaisuwata da safe kamar yadda ta saba, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Haka muka yi shekara guda da 'yan watanni, tana ramewa a hankali. Farkon damina ta kwanta, 'yarta ta zo daga Gangara ta yi jinya kwana tara. A kwana na goma da safe, bayan an sha kunu, ta cika.

Gida ya cika da mata. Ina bakin murhu ina ɗora ruwan wanka, don aikin suruka ke nan, sai tsohuwar nan mai zuba ruwa ta zo ta tsaya a kaina. Ita kaɗai ce ba ta daina zuwa gaishe da Inna ba.

"Tashi. Ke za ki yi mata."

Na ce ban iya ba, ban taɓa yi ba, kuma ni suruka ce, ga 'yarta nan.

"Ta bar mini wasiyya tun watan jiya. Ta ce wadda ta gani ta riga ta gani, kada a ƙara wata."

Har yau ban san ko yafewa ce ko hukunci ba. Na tambayi tsohuwar daga baya, ta ce ita abin da aka ce mata ta faɗa.

Ranar na fara wuce dokin ƙofar ɗakin. Ƙaramin ɗaki ne, a share, ba wari ko kaɗan. Tsohuwar ta rufe ƙofa, ta sa aka kama zane aka lulluɓe Inna daga ƙirji zuwa gwiwa kafin a zare tufafinta ta ƙasa. Ta naɗe mini hannun hagu da ƙyalle, ta ce da shi zan wanke inda ba a gani.

"Kauda ido," ta ce. "Hannu ka aiki nan, ba ido ba. Kuma abin da ya taɓa, nan ɗaki za shi tsaya."

Na sa hannu a ƙarƙashin zanen. Hannun nan da ya shafa ƙugun matan Gazawa ba ya ko jin ɗar, yau sai da ya jira a faɗa masa inda zai bi. Tsohuwar tana zuba ruwa kaɗan kaɗan, tana faɗa mini, dama tukuna, sannan hagu, a hankali, kamar Inna tana ji. Ba ta da nauyi. Na yi mata alwala, na wanke kanta, na warware kitson na sake kama shi gida uku. Duk tsawon wankan ba wanda ya ga komai nata, ni ma ban gani ba. Muka sa ta a likkafani. Tsohuwar ta ɗauko turaren Inna a cikin ƙwaryar nan ta ba ni na shafa.

Da maza suka fita da ita, aka ce dangi za su shigo su tattara kayan ɗaki a ajiye har ranar rabo. Haka ake yi, a buɗe akwati, a ɗaga katifa, a fito da komai a gani. Na ce bari in kwashe ruwa tukuna. Ina goge ƙasa na hango samiran a ƙarƙashin gado, can ciki, a ɗaure da ɗankwalinsa. Na jawo shi. Ledar tana ciki, tsummokin duk a wanke, a ninke.

Na bar kwanon a buɗe, babu komai, yadda za su same shi. Ledar kuwa na ɗaga zanena na cusa ta a ƙugu ta hagu, na ja ɗan tofi na rufe, na sake ɗaura zane. Sai da na gama na tuna nan ne hannuna yake fara zuwa idan ina lalube.

Tsakar gida a cike take, mata zaune a kan tabarmi har bakin zaure, ba wurin taka ƙafa. Yawancinsu 'yan mangaza ne. Dole in ratsa ta cikinsu kafin in kai bayan gida. Ledar ta yi tudu, ina jin tana ƙara idan na taka. Ga mai ƙwayoyi, ga mai katin likita, ga mai kwanon da ba abinci. A ƙarshen tabarma, daidai hanyar da zan bi, matashiyar nan ce da aka kora, ta miƙe ƙafafu, yaron da ta goya a lokacin yana zaune a cinyarta. Ta ɗago ta dubi fuskata, idonta ya sauka a ƙuguna ya tsaya. Na san ta gani, ni ma da ni ce da na gani.

Ta janye ƙafafunta, ta juya kai tana gyara wa yaronta riga. Na wuce.

A cikin shingen shanyarta na tona rami da hauya na binne ledar, na tattake ƙasar. Sai na zauna a wurin. Ina jin ana kirana a cikin gida, ana tambayar ina aka ajiye manyan tukwane. Na daɗe a zaune kafin in tashi in shiga.